Ranar da Na Kashe Mai Tabarau a Rediyo

Kafin in ci gaba, bari in amsa wa baiwar Allahn nan da ta rubuto a ƙarƙashin kashin da ya wuce, wai mutum mai furfura a gemu ba shi da hurumin rubuta labarin soyayya. 'Yar uwa, na gode. Yayata ma haka ta ce, sai dai ita ta haɗa da tsaki. Ku kuma da yau ne farkon shigowarku, ku gyara zama in gaya muku ko ni wane ne, don na tabbata kun san muryata ko da ba ku san fuskata ba, kuma ba ku yi asarar komai ba.

Ni ne mai karanta sanarwar rasuwa a gidan rediyon garinmu. Shekaru sama da ashirin ke nan, kullum bayan labaran rana sai a saka wata sarewa mai sanyi, in yi gyaran murya, in fara jero waɗanda suka riga mu. Aikin ba shi da wuya, amma yana bin mutum har gida. In na kira aboki a waya na ce "Salamu alaikum," amsar da nake samu ita ce "Wa kuma?" Mai shayin bakin layinmu, in na ce ya ƙara mini sukari, sai ya sunkuyar da kai ya ce "Allah Ya sa mu cika da imani." Matata ta farko ta yi haƙuri iya haƙuri, daga baya ta tattara kayanta. Ta ce ba ni da laifin komai, amma ba za ta iya ƙarasa rayuwarta da mutumin da in ya ce mata "ina kwana" sai gabanta ya faɗi ba.

Tun daga nan Yaya ta ɗauki aurar da ni tamkar aikin gwamnati. Ita ce babbarmu, ita ta goya ni, kuma har yau da tumbina da sanƙona Auta take kirana. Kowace safiya saƙonta ne ke tashe ni, hoto a sama, bayani a ƙasa. Na baya-bayan nan cewa ya yi: "Auta, wannan bazawara ce, ba ta da hayaniya, kuma kunnenta ɗaya ba ya ji sosai. Muryarka ba za ta dame ta ba."

Ni kuwa zuciyata, wadda ba ta taɓa shawara da ni ba, ta je ta maƙale a wani ɗan shagon tabarau da ke bayan tashar mota.

Idona ne ya fara gardama da ƙananan rubutu, na je a auna. Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, madubi ta ko'ina, sai wani allo mai haruffa a bango. Mai shagon mace ce mai matsakaicin shekaru, ba ta ɓata magana, mayafinta ruwan toka, da ɗan ƙaramin sukundireba rataye a wuya kamar sarƙa. Ta ɗora mini wani ƙaton ƙarfe a hanci ta ce in karanta. Na karanta haruffan tun daga sama har inda idona ya ƙare. Da na waiwayo sai na ga ta dafa tebur da hannu biyu.

"Kai ne," ta ce.

Ashe a wancan yaƙin na bakin iyaka, wanda aka yi shekarun baya, mijinta direba ne, yana cikin waɗanda aka ɗauka kai wa sojoji kaya. Tana cikin guga, rediyo na kunne, ta ji sunansa daga bakina tun kafin wani ya ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Me mutum zai ce? Na ce, "Allah Ya ƙara haƙuri."

Ta ce, "Ka ga, ko wannan ma kamar za ka ƙaro wani suna."

Daga ranar tabaraina suka shiga uku. Yau hannu ya karye, gobe gilashi ya fita, jibi na zauna a kansu. Allah na gani, wani lokacin sai na zauna sau biyu kafin su karye. Ita kuma Mai Tabarau tana ta gyarawa, sai dai wata rana ta ce, "Malam, ko dai in yi maka na ƙarfen rodi ne?"

To yanzu an sake kaɗa gangar yaƙi a can bakin iyakar. Mai Tabarau ce shugabar wata ƙungiyar mata masu cewa a zauna a yi magana tun kafin a fara haƙa rami. Sun kai takardarsu jaridar garinmu, aka ce ba fili. Sun zo wurinmu, Manaja ya ba su kujera da ruwan sanyi, ya ce, "Magana ce mai kyau, amma ba yanzu ba." Alhali kowace yamma akwai wani abokin aikina da ake kira Mai Tsawa, yana cika gari da ihu cewa duk namijin da ya isa ya tashi. Wannan Mai Tsawan, na rantse muku, ranar da ƙadangare ya shigo ɗakin watsa shiri a kan tebur muka same shi tsaye.

Cikin masu sauraron Mai Tsawa har da ɗanta tilo, wani zanƙalelen saurayi mai gyaran babur da ake kira Dogo. Ya je ya rubuta sunansa cikin 'yan sa-kai. Motarsu za ta tashi daga tasha ranar Alhamis da rana.

Ranar Laraba na shiga shagon da tabarau a hannu, wannan karon hancinsu na lanƙwashe. Ba ta ko kalle su ba. Ta zaro takarda daga aljihun tebur ta ajiye a gabana.

"Ka karanta mana wannan gobe."

"A rediyo?"

"A'a, a banɗaki."

"Shugaba, kin san Manaja ya ce..."

"Na san abin da ya ce, ina wurin. Har ruwansa na sha." Ta cire nata tabaran ta goge da bakin mayafi. "In na yi wa yaron nan magana a gida, cewa yake surutun uwa ne. Abin da ya fito daga rediyo shi ne gaskiya a wurinsa. To ina so ya ji ta can kafin motar nan ta tashi. Muryarka ta taɓa gaya mini bayan an gama. Sau ɗaya dai, ta yi magana kafin a fara."

Na tsura wa takardar ido. Ina tunanin albashina, ina tunanin fuskar Manaja in ransa ya ɓaci, wadda ko ransa bai ɓaci ba ma ba abin kallo ba ce.

Ta miƙo hannu. "Shi ke nan. Kawo tabaran in gyara maka ka tafi."

"In na karanta fa?"

Ta kalle ni ta saman gilashi. "In ka karanta, ka zo ka gaida Innata."

Yara masu karanta labarin nan ba za su gane ba. A shekarunmu, wannan ita ce "ina son ka," har da furanni.

Ranar Alhamis na fito da farar rigata wadda ke ƙasan akwati tun bikin ɗan Yaya, na goge ta har sai da ta iya tsayuwa da kanta. Na sa hula mai ruwan ƙasa, na cire, na sa baƙa, na tuna inda baƙa take kai tunanin mutane, na mayar da ta farko. Ina fesa turare Yaya ta faɗo ba sallama, kamar kullum, da kwanon abincina a hannu.

"Auta, ina za ka da wannan ƙamshi?"

"Aiki."

"Yanzu rediyo har ƙamshi yake watsawa?" Ta zagaye ni tana kallo. "Ta tabarau ce ko? Matar da ke yawo da takarda ofis-ofis? Wannan in ka aure ta, kafin ka sha shayi sai an kaɗa ƙuri'a."

Wayata ta yi ƙara. Saƙon Mai Tabarau ne.

"Ka karanta sunayenmu duka tun daga farko, da unguwa, da sana'a, da yawan 'ya'ya. Kada a ce takarda ce marar uba."

Na rubuta: "An gama, ranki ya daɗe."

Ta amsa: "Bar wannan addu'ar. A bakinka tsoro take ba ni."

Ɗakin da nake karatu ɗan ƙuƙut ne, an manne bangonsa da kwalin ƙwai don kada murya ta yi amsa-kuwwa. Ba a kunna fanka saboda ƙara, don haka duk wanda ya ji ina magana a hankali kamar mai tausayi, rabin abin zafi ne. Gabana akwai tagar gilashi, bayanta Injiniya da na'urorinsa. Mun daɗe tare har ba ma buƙatar magana: in na yi gyaran murya, yatsansa ya san inda sarewa take, ko da idonsa na kan waya.

Ranar kuma, ikon Allah, babu wanda ya kawo sanarwar rasuwa ko ɗaya. Irin wannan rana takan zo jefi-jefi, sai in karanta cigiyar akuya ko ta katin shaida in tashi. Na ce a raina, alama ce mai kyau, filin duka na Mai Tabarau ne. Ban gaya wa Injiniya komai ba, don mutum ne da in ka ba shi sirri da safe, kafin azahar mai gadi zai ba ka labarin da ƙari.

Jar fitila ta kama. Na buɗe takarda. Sai maƙogwarona, wanda ya saba da abin da ya saba, ya yi gyaran murya.

Sarewa ta tashi.

Na ɗaga wa Injiniya hannu da ƙarfi, ina nufin ya kashe. Ya ɗago kai, ya yi murmushi, shi ma ya ɗago mini hannu, ya koma kan wayarsa.

Ba a shiru a rediyo. Na laluba cikina ko zan samu wata murya mai fara'a, na duba ko'ina, babu. Sai na fara da wadda Allah Ya ba ni. Layin farko, inda aka ce "Mu matan da sunayenmu ke biye muna kira," sarewa ta haɗiye shi, don Injiniya a hankali yake rage ta, yadda na koya masa da kaina. Daidai inda ta lafa, nan sunan farko ya fito fes: na Mai Tabarau, da unguwarta, da sana'arta. A takarda an rubuta "uwar ɗa ɗaya." Harshena kuwa, tsohon ma'aikaci, ya bi hanyar da ya sani, ya ce, "ta bar ɗa ɗaya da mahaifiya."

Na ji abin da na faɗa. Gumi ya karyo mini. Na ce bari in yi sauri in kai ga jawabin, shi zai wanke komai. Na jero ungozoma, na jero malamar firamare, na jero mai sayar da kwanuka, da mai ɗinki, da sauransu, mata fiye da goma, kowacce da unguwarta da 'ya'yanta. Na kai suna na ƙarshe, na ja numfashi zan shiga maganar sulhu ke nan, sai na hango Manaja ta gilashi. Ya shigo wurin Injiniya da cokali a hannu, da alama daga kan abinci ya taso. Shi ya gane sunayen, tunda shi ya ba su ruwan sanyi. Ya sa cokalin a wuyansa ya ja, alamar a yanke.

Injiniya ya yanke ni. Da yake ba a barin iska fanko, ya danna abin da ke kusa da yatsansa. Sarewa ta dawo, wannan karon da cikakken ƙarfi.

Manaja ya banko ƙofa. "Ka san abin da ka yi?"

"Ban ma gama ba, Yallaɓai."

"Na ce ba yanzu ba! Wane ɓangare na 'ba yanzu ba' ne ya yi maka wuya?"

Nan take wayoyin gidan duka suka ɗauki ƙara lokaci guda. Matar da ke karɓar baƙi ta leƙo, idonta jawur.

"Yallaɓai, ana tambaya wai hatsarin mota ne ko gini ne ya rufta musu? Kuma ƙarfe nawa ne jana'iza?"

Manaja ya kalle ni. Na kalli cokali.

Na zaro wayata. Saƙon Yaya ne a sama: "Innalillahi. Ta tabarau ce na ji? Auta ka yi haƙuri, haka Allah Ya so. Bari in sa mayafi in je. Mai kunnen nan dai tana nan."

Ƙasansa na Mai Tabarau: "Malam. Ina zaune ina ji."

Wani ya biyo: "Inna tana kuka a kaina."

Wani kuma: "Zo ka ga aikinka."

Kafin in isa, layinsu ya cika. Takalma a ƙofar gida kamar kasuwa. Maza sun shimfiɗa tabarmi a inuwar katanga, wani har ya fara ba da labarin irin kirkin da marigayiya ta yi masa. Da suka gan ni sai suka matsa mini wuri cikin girmamawa, wani dattijo ya ce, "Har da kanka? Lallai babbar mace ce."

A tsakar gida kuwa, marigayiya ce tsaye da tire tana raba ruwa. Duk matar da ta shigo da kuka sai ta yi karo da ita a bakin ƙofa, kukan ya maƙale, wata ta ƙwalla ƙara, wata ta koma da baya. Wata maƙwabciya da suka shekara ba sa gaisawa ta shigo tana dukan ƙirji tana cewa "Na yafe miki, na yafe miki duniya da lahira!" Da ta ɗago ta gan ta, sai ta gyara ɗaurin zane ta ce, "To, ai sai mu sake zama a kan maganar."

Inna tana kan tabarma a gindin bango, tsohuwa 'yar firit, da ƙaramin rediyo a cinyarta. Da hannu ɗaya ta riƙe bakin mayafin 'yarta duk inda ta gifta, da ɗayan tana share hawaye.

"Inna, ga ni fa. Taɓa ni."

"Na taɓa. Amma mutumin nan bai taɓa kuskure ba."

Mai Tabarau ta nuna ni da tire. "To ga shi nan. Ya zo gaishe ki."

Haka na fara ganawa da surukata, jama'a. Na durƙusa cikin farar rigata na ce, "Inna, ina wuni." Ta saki sabon kuka.

Ana cikin haka aka ji hayaniya daga waje, wani na ture mutane yana kiran "Umma! Umma!" da wata murya da ba ta yi kama da ta babban mutum ba. Dogo ne. Jaka a bayansa, takalmi ƙafa ɗaya, ƙura har gira. Daga baya muka ji cewa yana zaune a bayan motar 'yan sa-kai, direba ya kunna rediyo suna jiran a cika, ya ji sarewa, ya ji sunan. Bai tsaya neman tsani ba, ya diro.

Ya tsaya a tsakiyar gida. Uwarsa na gabansa da tire. Har kukan Inna ya tsaya. Ya zauna a ƙasa daɓas kamar yaron da aka yaye jiya. Ta ajiye tiren, ta durƙusa, ta kama kansa da hannu biyu. Na zaci za ta yi masa jawabi, mace ce mai jawabi. Cewa ta yi, "Ina ɗaya takalmin?"

Ni dai na juya ina gyara tabarau. Ƙura ce ta shiga idona, kuma ba na son a yi mini gardama a ƙasan rubutun nan.

Ba a jima ba sai ga Manaja da kansa, ba cokali, Injiniya na biye da shi. Ashe mazajen sauran matan da 'yan uwansu sun cika ƙofar gidan rediyo. An sanar cewa kuskure ne, ba wanda ya yarda, don Mai Tsawa aka sa ya faɗa, mutane kuma suka ce wannan ai komai faɗa yake. Ni kuma ba wanda zai yarda a sake ba ni makirufo. Hanya ɗaya ta rage: a ji matan da bakinsu.

Manaja ya haɗa waya da ɗakin watsa shiri, ya miƙa wa Mai Tabarau, yana magana ƙasa-ƙasa. "Ki ce kina raye kawai. Kalma biyu."

Ta karɓa. Ta gyara mayafi. Muryarta ta fito daga bakinta, ta sake fitowa daga rediyon da ke cinyar Inna.

"Ina raye," ta ce. "Ni da ungozoma da malama da sauranmu, duk muna raye, kuma tunda an ba ni dama bari in gaya muku abin da ya sa aka kira sunayenmu."

Manaja ya miƙa hannu zai karɓe. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Yallaɓai, in ka sake yanke ta, gari zai ce ta sake mutuwa." Hannun ya tsaya a iska, ya koma aljihu.

Ba ta ko duba takarda ba.

"Kun ji yadda gabanku ya faɗi yau? Kun ji yadda kuka bar tukunya a wuta, kuka fito da takalmi ƙafa ɗaya? To ta yau kuskure ce, kun zo kun same ni ina ba ku ruwa. Ni na taɓa jin wadda ba kuskure ba, ina cikin guga, kuma har yau ba wanda ya fito ya ce a yi haƙuri. A can ƙetaren iyaka ma akwai mai karanta irin wannan sanarwa, akwai mata masu guga. Ba mu ce kowa matsoraci ne ba. Cewa muka yi, duk yaƙin da aka yi a teburi ake ƙare shi, to a fara da teburin mana, tun 'ya'yanmu na da ƙafafun zuwa su ga an sa hannu."

Dogo bai kalli uwarsa ba. Rediyon cinyar kakarsa yake kallo, har ta gama.

Daga nan aka bi sauran matan ɗaya bayan ɗaya a waya, kowacce ta ce tana raye, kowacce ta ƙara nata. Mai sayar da kwanuka sai da aka roƙe ta ta tsaya. Wakilin jaridar nan da ba ta da fili ya iso yana ɗaukar hoto. Manaja kuma, kafin ya tafi, ya ja ni gefe ya ce in je gida in huta har sai an neme ni, da irin muryar da ke nuna ba za a yi saurin nema ba.

Rana ta yi sanyi, ana naɗe tabarmi, ina neman takalmina cikin na jama'a, sai inuwa ta rufe ni. Dogo ne.

"Baba, kai ne mai neman Umma?"

"Ana dai ƙoƙari."

"Ɗazu na so in mare ka."

"Akwai layi, ɗana. Ka bi bayan Manaja."

Ya so ya yi dariya, ya fasa. Ya sauke jakar daga bayansa, karon farko tun shigowarsa, ya jingine ta da bango.

"Mota ta tafi," ya ce. "Amma wata za ta tashi, kullum tashi suke. Ni dai yau na ga abin da ban taɓa tunani ba. Ba zan iya tafiya in bar ta daga ita sai Inna ba." Ya dube ni sama da ƙasa, kamar babur ɗin da aka kawo masa gyara. "Amma in ka aure ta, akwai namiji a gida. Sai in tafi hankalina kwance. Don haka ku hanzarta."

Labulen ƙofar ɗaki ya ɗan motsa. Na ga gefen mayafi ruwan toka.

Ina isa gida, ko hula ban cire ba, waya ta yi ƙara. Saƙon Mai Tabarau ne.

"Na ji abin da ya ce."

Sai wani: "Na amince da kai, Malam."

Na karanta da tabarau, na cire na karanta ba tabarau, na kai bakin taga na sake karantawa. Ina shirin rubuta wani abu mai daɗi da na tanada tun ranar allon haruffa, sai na uku ya shigo.

"Amma ka ji sharaɗin yaron. Ranar da aka ɗaura, ranar zai ɗauki jaka. Don haka za ka neme ni a hankali. A hankali ƙwarai. Har sai an sa hannu a sulhu."

Na rubuta: "In abin ya ɗauki shekaru fa?"

"To sai ka tashi tsaye. Muna da taro ranar Asabar. Ka zo da kujerarka, kai ne namiji na farko a ƙungiya."

Na zauna a bakin gado. Ni da ban taɓa riƙe kwali a titi ba, ni da ko gardamar ƙwallo ba na shiga, yau ga shi babu mahalukin da ya kai ni son zaman lafiya a faɗin ƙasar nan. Na ce ba komai. Na yi jiran shekaru ba tare da kowa ba, jira da amsa a aljihu ai hutu ne. Zan ja abin nan kamar yadda nake jan sunan mai dogon tarihi.

Sai ƙofa ta buɗe ba sallama.

Yaya ce, da mayafin ta'aziyyarta har yanzu a kafaɗa, fuskarta kamar an kunna fitila. Bayanta wani mutum ne da tef ɗin awo rataye a wuya.

"Auta, tashi tela ya auna ka. Na janye maganata, matar nan ta yi. Kuma na haɗu da ɗanta a can, yaro mai hankali, bakinmu ya zo ɗaya. Mun tsayar da ƙarshen watan nan."

Tela ya ce in ɗaga hannu. Na ɗaga duka biyu.

Jama'a, in akwai wanda ke da lambar masu shiga tsakani a rikicin bakin iyakar nan, don Allah ya ajiye mini ita a ƙasa. Ba zan kira su da wannan muryar ba, saƙo zan tura.